Daga Kwatano zuwa Wida a kan keke: hanyar masunta da Ƙofar Tafiya Ba Dawowa

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa jiran kayansa su fito daga tashar jiragen ruwa ta Kwatano ya san yadda kwanakin nan suke. An gama takardu, an biya abin da za a biya, sai zaman majalisar shayi a Zongo ana ƙirga awoyi. A irin wannan zama ne muka ari kekuna, muka kama hanyar bakin teku da 'yan Benin ke kira hanyar masunta, wadda ta tashi daga unguwar Fijirose ta nufi yamma har garin Wida.

Tsakanin Kwatano da Wida kusan kilomita 40 ne, kuma babu hawa babu gangara. Teku yana hagu, tafki yana dama, itatuwan kwakwa sun yi layi a tsakani. Mun tashi bayan sallar asuba, domin da hantsi ya yi zafin wurin mai ɗanshi ne, ba irin namu na arewa ba. Farkon hanyar kwalta ce mai faɗi, ko wanda ya shekara goma bai taɓa feda ba zai iya. A gaba mun tarar da wuraren yashi inda dole muka sauka muka tura, kuma taya ɗaya ta yi faci kafin mu kai Abelekete. Wanda zai bi sawunmu ya riƙe famfo da ruwan sha. Kada kuma kyan ruwan ya ruɗe shi ya ce zai yi wanka, igiyar tekun nan tana ja da ƙarfi.

A ƙauyukan hanya mun ga maza sun jeru suna jan taru da igiya daga cikin teku, mata na jira da kwanduna da murhun ƙyafe kifi. Dab da Wida akwai Jegbaji, inda mata ke kankare ƙasar bakin tafki, su tace ta da ruwa, su dafa har gishiri ya fito. Ɗaya daga cikinmu, da yake fatauci a jininsa yake, har ya fara tambayar kuɗin buhu.

Inda hanyar ta kai mu, wata babbar ƙofa ce tsaye a kan yashi, ba gida a bayanta sai teku. An gina ta a 1995 da haɗin gwiwar hukumar UNESCO, don tunawa da mutanen da aka fitar bayi ta wannan gaɓa. Masana tarihi sun ƙiyasta sun haura miliyan ɗaya. Wida ba ta da mashigin da manyan jirage za su matso, sai su tsaya can nesa, a riƙa kai musu mutane a kwale-kwale cikin wannan igiya da muka ce a yi hattara da ita.

Daga ƙofar zuwa cikin gari kilomita 4 ne, wato hanyar da bayin suka taka a ɗaure, mu kuma muka bi ta a juye. Akwai wurin tunawa a Zungboji, inda ake cewa nan ake zuba waɗanda suka mutu kafin a kai su jirgi. Akwai gurbin wata bishiya da masu ba da labari na garin ke cewa ana sa namiji ya zagaya ta sau 9, mace sau 7, wai don su manta da gida. Wannan zancen baka ne, amma shi kowane ɗan rakiya zai faɗa maka. A cikin gari kuma ga ganuwar da Turawan Fotugal suka gina a 1721, shekara shida kafin Sarkin Dahome Agaja ya ci Wida da yaƙi. Abin mamaki, Fotugal ta riƙe wannan ɗan fili har 1961, bayan ƙasar ta samu 'yancin kai daga Faransa.

To, me ya shafi Bahaushe? Ya shafe shi ta fuska biyu. Wurin da kakanninmu suka yi ciniki da shi a Kurmi da Katsina, daga tsibiran Maldibs yake, kuma jiragen Turawa ne ke sauke shi a irin wannan gaɓa a matsayin kuɗin bayi, sannan ya hauro arewa hannu da hannu. Na biyu ya fi nauyi. A farkon ƙarni na 19, lokacin yaƙe-yaƙen ƙasar Hausa, an koro Hausawa da yawa kudu, aka sayar da su ta tashoshin wannan gaɓa zuwa Bahiya a ƙasar Birazil, mai sayen yana biya da taba da aka shafa wa ruwan rake. A can ba su kwanta ba: a 1807 hukuma ta bankaɗo shirin tawayen da Hausawa suka ƙulla, a 1835 kuma, cikin watan azumi, bayi Musulmi suka tashi a birnin Salbado, akasarinsu Yarbawa, da Hausawa a ciki. An samu layu da rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kashe.

Dandalin da ake cewa nan ake cinikin yana nan, ana kiransa dandalin Shasha, laƙabin Francisco Félix de Souza, dillalin bayi daga Birazil wanda ya taimaki Gezo ya hau gadon Dahome a 1818, ya mutu a Wida a 1849. Zuriyarsa na nan a garin har yau. Mun jingine kekunanmu a inuwar dandalin muka sha ruwan kwakwa. Mu da ba ma gajiya da zancen farashi, a nan kowa ya yi shiru.

Komowa kam ba mu yi jarumtaka ba. Ƙafa ta yi tsami, la'asar ta gabato, sai muka ɗaure kekunan a saman motar haya, muka biyo babbar hanyar da ta taso daga Lome zuwa Kwatano. Kayan da muke jira ba su fito ba sai bayan kwana biyu.