Gidaje masu sauƙin kuɗi: ina rabon mutumin Mainika?

Duk wanda ya taso daga Gwarzo ko Kabo zai shiga birnin Kano, ta Janguza zai bi, inda gwamnatin tarayya ta aza harsashin gidaje 500 a shekarar 2024. Ƙaramin ministan gidaje na lokacin kuwa ɗan gida ne, Abdullahi Tijjani Muhammad Gwarzo, wanda ya riƙe kujerar daga Agustan 2023 zuwa Oktoban 2024. Amma shin akwai ɗaki ko ɗaya a wannan rukuni da manomin Mainika ta Gwarzo, ko malamin firamaren garin, zai iya saye?

Bari mu yi lissafi. Tun 1992 aka kafa Asusun Gidaje na Ƙasa, ana cire kashi 2.5 cikin ɗari na albashin ma'aikaci, Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya kuma ya ba shi rance da ruwan kashi 6, ya biya cikin shekara 30. Sharaɗin shi ne biyan wata kada ya wuce kashi ɗaya bisa uku na abin da mutum ke samu. Mai ɗaukar mafi ƙarancin albashi a Kano, naira 71,000, rancen da zai iya ɗauka bai kai miliyan huɗu ba. Shi kuwa ministan gidaje na lokacin, Ahmed Ɗangiwa, da bakinsa ya ce a 2024 gida mai ɗakin kwana ɗaya a rukunan da gwamnati ta gina da kuɗinta yana kamawa miliyan takwas zuwa tara. Wannan fa mai albashi ke nan. Manomi da sai kaka yake ganin kuɗi ba a ma zancensa, ga kuma kuɗin ruwa da jama'armu ke gudu saboda addini.

A ƙauye ba a sayen gida, gina shi ake yi, ɗaki bayan ɗaki. Yaro ya isa aure, sai a yanka masa gefe a gidan mahaifinsa ko a gonar bayan gari. Da rani a haƙo ƙasa a kududdufi, a kwaɓa da ciyawa, a mulmula tubali a shanya. Mai ɗan hali ya buga bulo ɗari biyu bana, ya jibge su a ƙofar gida har ciyawa ta fito a tsakaninsu, baɗi in ya sayar da masara ko ɗan bijimi ya ƙara. Azara ta yi wuya, makuba ta zama tarihi a wurare da dama, kowa ya koma kwano da katako da siminti. Abin da ke raba wannan mutum da muhalli farashin kayan gini ne. Buhun siminti da ake saye ƙasa da naira 5,000 kafin cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, ya haura 10,000 a Fabrairun 2024. Gwamnati ta zauna da kamfanonin Dangote da BUA da Lafarge aka yi matsaya a kan 7,000 zuwa 8,000, amma kafin buhu ya iso ƙauye kuɗin mota ya hau kansa. Shi ya sa katangar da ya kamata a yaɓe ake barinta tsirara, ruwan Agusta ya zo ya kwantar da ita.

Sai batun takarda. Dokar ƙasa ta 1978 ta damƙa filaye a hannun gwamna, ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da shaidar mallaka a karkara. Yawancin mutane dai abin da ke hannunsu takardar ciniki ce mai sa hannun mai unguwa da shaidu, ko ma gado ne kawai da kowa ya sani. Banki ba ya karɓar wannan jingina.

To me ya sa gwamnatoci suka fi son rukunin gidaje? Saboda ana ganinsa daga titi, ana ba da kwangilarsa, ana yanka masa ƙyalle, a kuma raɗa masa sunan mai mulki. Tun zamanin Shagari haka ake yi, ga unguwar da ke ɗauke da sunansa nan a Kano. Kwankwaso ya gina biranen Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo tsakanin 2011 da 2015, gini na gani na faɗa, amma da yawa daga cikin gidajen sun shafe shekaru a kulle, alhali masu haya a cikin gari na kuka. Ba na cewa kada a gina. Birni na buƙata. Sai dai a daina kiransu gidajen talaka.

Shugabannin ƙananan hukumomin Gwarzo da Kabo da 'yan majalisarmu ba sai sun jira Abuja ba. Su yanka filaye bisa tsari, da hanya da magudanar ruwa, kafin 'yan awon igiya su cinye gonakin bakin gari. Su sauƙaƙa takardar mallaka yadda mutum zai same ta a sakatariya ba tare da ya sayar da akuyarsa ba. Su kuma ba ƙungiyoyin manoma bashin kwano da siminti marar ruwa, a biya da kaka. Idan 'yan takara suka zo neman ƙuri'a, jama'ar Mainika ku tambaye su waɗannan ukun, wanne za su fara yi, kuma a wane wata.