Ruwan Inabin da Littafi Mai Tsarki Yake Magana a Kai, da Burukutun Garinmu

Akwai tambayar da ba ta ƙarewa a ikkilisiyoyinmu na karkara, daga Bichi zuwa Tsanyawa har Shanono. Wani zai ɗaga hannu a ajin baftisma ya ce, "Malam, in Yesu ya mai da ruwa ya zama ruwan inabi a Kana, don me aka sa wance ƙarƙashin horo saboda ta dafa burukutu?" Bai kamata a yi wa mai tambayar nan tsawa ba. Mu manoman gero da dawa da gyaɗa ne, yawancinmu ba mu taɓa ganin kurangar inabi ba, sai dai 'ya'yan a kan tebur a kasuwar 'Yan Lemo a Kano. Saboda haka kalmar takan wuce mu ba tare da mun san abin da take nufi ba.

A ƙasar Isra'ila ana tsinkar inabi wajen watan Agusta da Satumba. A cikin gonar ake haƙa wurin matsewa a jikin dutse, kamar yadda Ishaya 5:2 ya nuna. Ramuka biyu ne, na sama mai faɗi, na ƙasa mai zurfi, da 'yar magudana a tsakaninsu. A zuba 'ya'yan a ramin sama, mutane su shiga ba takalmi su yi ta tattakawa suna waƙa, ruwan yana gangarawa ƙasa. Da ƙafa ake yi don kada ƙwayar ta farfashe ta sa ɗaci. A irin wannan rami ne Gidiyon ya ɓuya yana sussukar alkama don tsoron Madayanawa (Mahukunta 6:11). Duk wanda ya san sussuka ya san tana bukatar fili da iska, to ka ga iyakar tsoron da ya kama shi.

Ba a zuba wa ruwan kome. A jikin ɓawon inabi akwai yisti na halitta, da zarar ya haɗu da zaƙin, cikin kwana ɗaya sai ruwan ya fara kumfa kamar yana tafasa, alhali ba wuta. Yistin yana cinye zaƙin, yana fitar da iska da kuma abin da ke sa maye. Bayan 'yan kwanaki a kwashe a zuba cikin tuluna ko salkuna. Masu tonon kayan tarihi sun gano rumbunan ƙasa 63 da aka sassaƙa cikin dutse a Gibeyon, inda ake ajiye tulunan saboda sanyi.

A nan ne misalin Ubangiji a Luka 5:37-38 yake fitowa fili. Mun san salka, mun ga Buzaye da Fulani suna ɗaukar ruwa da ita. Sabuwar fatar akuya tana da laushi, tana miƙewa. Sabon ruwan inabi kuwa bai gama aikinsa ba, yana ta fitar da iska, salkar tana kumbura tare da shi. Tsohuwa ta riga ta miƙe iyakar miƙewarta, ta bushe. Ka zuba mata sabo, ta fashe, ka yi hasarar biyu. Yesu yana gaya wa Farisiyawa cewa bisharar mulkin Allah ba za ta zauna cikin tsoffin al'adunsu ba.

To, yana bugarwa? I, yana bugarwa. Na sha jin masu wa'azi suna cewa duk ruwan inabin Littafi Mai Tsarki zaƙi ne kawai kamar lemon kwalba. Niyyarsu mai kyau ce, amma maganar ba daidai ba ce, matasanmu masu karatu kuwa za su gane. Nuhu ya sha ya bugu (Farawa 9:21). A ƙasa mai zafi ba yadda za a hana ruwan inabi tashi, sai a 1869 wani Ba'amurke ɗan Metodis, Thomas Welch, ya dafa shi bisa hanyar Louis Pasteur don a samu marar maye domin Jibin Ubangiji. Ibrananci yana da kalmomi uku: yayin, wato ruwan inabi da ya tashi, tirosh, sabo na kakar bana, da shekar, abin sha mai ƙarfi da ake yi da hatsi ko dabino. Wannan na ukun shi ne ɗan'uwan burukutu, Karin Magana 20:1 kuma ta haɗa shi da ruwan inabi ta yi gargaɗi a kan duka biyun.

A zamanin Sabon Alkawari an saba surka shi da ruwa kafin a sha, sau da yawa ruwan ya fi yawa. Ba su kuma san barasar da ake turarawa ba. Ruwan inabi da kansa da wuya ya wuce kashi 15 cikin 100, amma ogogoro da ƙananan kwalaben da samari ke sakawa a aljihu sukan kai kashi 40.

Burukutu hanyarsa dabam. Dawa ba ta da zaƙi a shirye, sai an jiƙa ta, ta yi tsiro, a shanya, a niƙa, a dafa, a tace, a sake dafawa, a bar shi ya tashi. Aikin kusan mako guda ne, da itace mai yawa. Gaskiya ƙarfinsa bai kai na ruwan inabi ba. Amma ba da ƙaramin kofi ake shansa ba, ƙwarya bayan ƙwarya ce daga hantsi har faɗuwar rana. Dawar da aka jiƙa kuma daga rumbu ta fito, ita ce tuwon yara a watan Yuli sa'ad da hatsi ya yi tsada. Kakanninmu Maguzawa ma da giya suke zuba wa iskoki, dattawan da suka tuba daga wannan ba su manta ba.

Don haka matsayin ikkilisiya na ƙaurace wa giya bai dogara ga cewa ruwan Kana lemo ne ba. Ya dogara ga Afisawa 5:18, da Romawa 14:21 inda Bulus ya ce gara a bar abin da zai sa ɗan'uwa tuntuɓe. Muna zaune gona da gona da maƙwabta Musulmi, waɗansunsu kuma sun ɗauka Kirista da mashayi abu ɗaya ne. Sai dai ina da magana ga dattawa da zumuntar mata. Matar da take dafawa sau da yawa gwauruwa ce mai neman kuɗin makaranta. In za a hore ta, a haɗa mata jarin man gyaɗa da ƙuliƙuli ko daddawa a makon nan, kada a jira sai ta koma ga tukunyar.

Ga matasanmu da ke zuwa biki ko gidan cin abinci a Abuja ko Jos: kalmar wine a takardar abinci ba ta isa ta gaya maka kome ba. Dry ba ya nufin babu maye, yana nufin yisti ya cinye zaƙin duka. Sparkling kumfa ce kawai, akwai mai maye, akwai marar maye. Ka karɓi kwalbar ka juya ta, ka nemi lambar da ke kusa da alamar %. In ka ga 0.0, ruwan 'ya'yan itace ne. In ka ga 12 ko 13, irin wanda Nuhu ya sha ne, ba kuma a surka shi ba.