Auna Haɗarin Lantarki a kan Bututun Iskar Gas da ke Kusa da Manyan Wayoyin Wuta

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne bayyana yadda ake auna haɗarin da bututun ƙarfe ke fuskanta idan ya bi hanya ɗaya da manyan wayoyin lantarki na sama. Batun ya shafe mu, domin a 2020 aka ƙaddamar da aikin bututun Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, mai tsawon kilomita 614, a yankin da layin wuta mai ƙarfin bolt 330,000 ya haɗa Kaduna da Kano.

2.0 Hanyoyin Shigar Lantarki

Lantarki yana shiga bututu ta hanyoyi uku. Na farko, lokacin gini, bututun da aka ɗora bisa katako a ƙarƙashin wayoyi yakan tara wuta, ta kama mai walda. Na biyu, ƙarfin maganaɗisun da ke kewaye da wayoyin yana haifar da wuta a jikin bututun da aka binne, ko da ba su taɓa juna ba. Na uku, idan tsawa ta faɗa wa turken ƙarfe ko waya ta tsinke, wuta mai yawa takan bi ƙasa ta huda rufin bututun.

3.0 Yadda Ake Awo

Abu biyu muke aunawa. Domin kare rai, ƙa'idar da aka fi bi ita ce kada wutar da ke jikin bututu ta wuce bolt 15 a inda hannu zai taɓa. Domin kare ƙarfen kuwa, ana duba yawan wutar da ke fita ta ƙananan hujojin rufi. Idan ta haura amfiya 30 a kan murabba'in mita ɗaya, to, akwai fargabar tsatsa.

Abin lura a nan shi ne, rufi mai kyau yana ƙara wa matsalar tsanani, watau yana hana wutar zurarewa cikin ƙasa, sai ta taru ta fita ta ƙaramar kafa ɗaya. Haka kuma wutar ta fi yawa a inda bututu da wayoyi suka haɗu ko suka rabu, ba a tsakiyar tafiyarsu ba.

4.0 Kammalawa

Muna ganin awon rana ɗaya bai wadatar ba. Ƙasar fadama da damina ta fi busasshiyar ƙasar rani saurin ɗaukar wuta, kuma nauyin da wayoyi ke ɗauka yana canzawa daga sa'a zuwa sa'a. Saboda haka ya wajaba a yi awo rani da damina, na yini guda cur aƙalla, kafin a yanke inda za a binne zaren tutiya mai janye wutar zuwa ƙasa.