Daga teburin banki zuwa bakin fili: Shekara 15 da Robert Saleh ya yi yana hawa tsani

Idan ana hirar wasanni a makaranta, yawancinmu sunayen masu cin ƙwallo muke ambata. Da wuya ka ji wani ya ce burinsa shi ne ya zama mai tsara yadda za a hana abokan hamayya ci. Amma a Amurka wannan sana'a ce mai zaman kanta, kuma labarin Robert Saleh ya nuna mana yadda ake hawanta mataki-mataki.

Da farko bari mu fahimci wasan. Ƙwallon Amurka ba irin tamaular da muka sani ba ce, ta fi kama da zari-ruga, domin da hannu ake ɗaukarta ana jifa, kuma siffarta kamar ƙwai take. Kowane ɓangare na da 'yan wasa 11 a fili. Masu riƙe da ƙwallo suna da dama huɗu su ci nisan yadi 10, in sun kasa sai ta koma hannun abokan karawarsu. Kowace ƙungiya tana da rukunin masu kai hari daban, da na masu tsaron baya daban, kuma kowane rukuni da babban kocinsa. Kocin tsaron baya shi ke hasashen abin da abokan hamayya za su yi, ya faɗa wa yaransa inda kowa zai tsaya kafin a taɓa ƙwallo.

An haifi Saleh a 1979 a garin Dearborn na Jihar Michigan, kuma asalin danginsa daga Labanan ne. Ya buga wasa a Jami'ar Arewacin Michigan, inda ya karanta harkar kuɗi, amma bai taɓa buga wa wata ƙungiya ta babbar gasar NFL ba. Da ya gama karatu sai ya kama aikin banki. Ranar 11 ga Satumba, 2001, yayansa na cikin ɗaya daga cikin tagwayen benayen New York da aka kai wa hari, ya kuma tsira da ransa. Wannan ya sa Saleh ya sake duba rayuwarsa. Bayan 'yan watanni ya ajiye aikin bankin, ya nufi abin da zuciyarsa ke so.

A 2002 ya fara a matsayin ƙaramin mataimaki a Jami'ar Jihar Michigan. Daga nan ya koma Jami'ar Tsakiyar Michigan a 2004, inda ya zauna gida ɗaya da wani ƙaramin mataimaki irinsa mai suna Matt LaFleur. Mu riƙe wannan suna, za mu sake haɗuwa da shi.

A 2005 ƙungiyar Houston Texans ta ɗauke shi ɗan koyon aiki, sannan ta ba shi aikin tace bayanan wasa. Wannan aiki ba a ganin mai yin sa a talabijin. Zama yake yi gaban kwamfuta yana kallon bidiyon wasannin abokan hamayya, yana rubuta yadda suka jeru, da abin da suka saba yi idan dama ɗaya ta rage musu, da ɗan wasan da suka fi jefa wa ƙwallo. Daga nan ya haɗa rahoto ya miƙa wa manyansa. Aiki ne mai cin dare, kuma in an yi nasara wasu ake yabawa. Sai dai wanda ya yi shekaru yana wannan kallo, idonsa kan gane dabarar abokin hamayya tun daga tsayuwarsa.

Irin wannan aiki ya sake yi a Seattle Seahawks daga 2011 zuwa 2013. Yana cikin ma'aikatan ƙungiyar lokacin da ta lallasa Denver Broncos da ci 43 da 8 a wasan ƙarshe na Super Bowl a Fabrairun 2014, alhali Denver ce ta fi kowa cin maki a wannan kakar. Bayan shekara uku yana horar da 'yan tsakiyar baya a Jacksonville Jaguars, sai San Francisco 49ers ta naɗa shi babban kocin tsaron baya a 2017. Shekara 15 ke nan da fara tafiyar. A kakar 2019 yaransa suka taimaka wa ƙungiyar ta kai Super Bowl, inda Kansas City Chiefs ta doke su da ci 31 da 20.

A Janairun 2021 New York Jets ta ba shi jagorancin ƙungiya gaba ɗaya, ya zama Musulmi na farko da ya riƙe irin wannan kujera a NFL. Abin bai zo da sauƙi ba. Ya ci wasa 20, aka cinye shi 36, kuma a Oktoban 2024 aka sallame shi. Cikin 'yan makonni abokin zamansa na da, Matt LaFleur, wanda ya riga ya zama kocin Green Bay Packers, ya gayyace shi ya riƙa ba su shawara. A farkon 2025 kuma San Francisco ta dawo da shi kan kujerarsa ta tsaron baya. Kora ta raba shi da muƙami, amma ilimin da ya tara a ɗakin bidiyo ya sa ba a daina nemansa ba.

Ƙannenmu da ke sakandare, a nan darasin yake. Kujera 32 kacal ake da ita ta babban koci a NFL, amma a ƙarƙashin kowace akwai mataimaka da yawa, kuma abin da ake nema a wurinsu shi ne lura, da iya lissafi, da rubuta rahoto mai tsafta. Duk waɗannan a aji ake fara koyonsu. Saboda haka in an fita wasan ajujuwa ba a saka ka a fili ba, ɗauki biro da littafi ka zauna a gefe. Rubuta ta wane ɓangare abokan hamayya suka fi kawo hari, da wanda suka fi ba ƙwallo, ka kai wa malamin wasanni lokacin hutun rabin lokaci. Wannan shi ne aikin da Saleh ya shafe shekaru yana yi kafin duniya ta san sunansa.