Rigar Kitsen da ke Jikin Jijiyoyin Jini

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mahauci yana fiɗar rago, ya ga yadda kitse yake lulluɓe da ƙoda da hanji da manyan jijiyoyi. Haka abin yake a jikin ɗan Adam: ban da na ƙwaƙwalwa, yawancin jijiyoyin jini suna sanye da rigar kitse. Shekara da shekaru masana sun ɗauka matashi ce kawai, har sukan kankare ta su yar kafin su gwada jijiya.

A shekarar 1991, Soltis da Cassis a Amurka suka bar kitsen a jikin babbar jijiyar ɓera, sai suka ga ba ta tsukewa da ƙarfi kamar wadda aka kankare. A 2002 kuma masana a Jamus suka nuna cewa kitsen yana fitar da sinadari mai sa jijiya ta saki. Ashe rigar ba zaman banza take yi ba.

To, ina matsalar take? Idan ƙiba ta yi yawa, ƙwayoyin kitsen sukan cika fal, iskar oksijin ta gaza wadatar da su, sai su koma fitar da sinadaran kumburi. Insulin kuwa, ban da shigar da sukari cikin tsoka, shi ne ke buɗe ƙananan jijiyoyin da ke kai mata jini. A 2005 Yudkin da abokan aikinsa suka kawo ra'ayin cewa lalataccen kitse yana hana wannan buɗewa, sai sukari ya taru a jini. A jijiyoyin zuciya kuma, kumburin yana taimaka wa daskararren maiƙo ya toshe hanya. Tun 2017 masana a Jami'ar Okusfod suka fara gano kumburin jijiyar zuciya daga hoton kitsen da ke kewaye da ita.

Ke nan mai ciwon sukari da ya je Asibitin Muhammad Abdullahi Wase, wanda Kanawa suka fi sani da Asibitin Nasarawa, kada ya yi mamaki in likita ya auna hawan jininsa, ya saurari zuciyarsa. Mu dai mun saba yi wa teɓa kallon alamar wadata, amma Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Duniya ta sa iyakar kewayen ciki a santimita 94 ga namiji, 80 ga mace. Tef ɗin tela ya isa a auna, daidai tsakiya tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da saman ƙashin ƙugu.