Gwajin Ƙarancin Sinadaran Gina Jiki ga Mai Kumburin Babban Hanji da Ke Ƙaurace wa Wasu Abinci

1.0 Gabatarwa

Daga cikin cututtukan da kan tilasta wa mutum sauya cimarsa akwai ciwon kumburin babban hanji, wanda likitoci ke kira kolaitis. Mai wannan ciwo yakan lura cewa wasu nau'o'in abinci suna tayar masa da murɗar ciki da gudawa, don haka sai ya riƙa barin su ɗaya bayan ɗaya: yau nono, gobe wake, jibi ganye. Sau da yawa cikin yakan lafa, amma jikin ya shiga wani rashi wanda ba ya bayyana da wuri. Wannan darasi zai yi bayanin yadda rashin ke faruwa, da gwaje-gwajen da ake gano shi da su, da kuma yadda ake fassara sakamakonsu, domin kumburin kansa yakan sa sakamako ya ruɗi mai karanta shi.

2.0 Ma'anar Ciwon

Babban hanji shi ne kashi na ƙarshe na hanyar abinci, tsawonsa kimanin mita 1.5. Babban aikinsa shi ne tsotse ruwa da gishiri daga ragowar abinci, domin mafi yawan sinadaran gina jiki a ƙaramin hanji ake tsotse su. Babban hanji yana iya kumbura saboda ƙwayoyin cuta, kamar yadda yake faruwa a ciwon atini, wanda kan warke idan an sha magani. Akwai kuma nau'in da ke daɗewa tare da mutum, wato gyambon babban hanji, wanda likita Samuel Wilks na Asibitin Guy's da ke Landan ya bayyana a shekarar 1859. A wannan nau'i, garkuwar jiki ce ke afka wa fatar cikin hanji, ta haifar da gyambuna masu zubar da jini da majina. Ciwon yakan faro daga dubura ya hau sama, yana tashi yana lafawa. Yana da ɗan'uwa da ake kira ciwon Crohn, wanda Burrill Crohn da abokan aikinsa suka bayyana a Amurka a shekarar 1932, shi kuma yana iya kama kowane sashe na hanyar abinci.

A ƙasar Hausa, da zarar an ga jini a bayan gida akan ce basir ne ko atini. Ba a bambance su da gyambon babban hanji sai da gwajin bayan gida da kuma leƙa cikin hanji da na'ura.

3.0 Hanyoyin da Rashin Ke Shigowa

Tunda ƙaramin hanjin mai gyambon babban hanji yakan kasance lafiya lau, ana iya tambayar ta ina rashi ke shigowa. Hanyoyin guda huɗu ne.

Ta farko ita ce zubar jini. Kowace mililita ɗaya ta jini tana ɗauke da kimanin rabin miligiram na sinadarin ƙarfe, alhali jiki ba ya tsotsar fiye da miligiram 1 zuwa 2 daga abinci a rana bisa al'ada. Ke nan zubar jinin da bai cika ƙaramin cokali ba a kullum ya isa ya cinye abin da jiki ya samu a ranar.

Ta biyu ita ce gudawa, wadda kan tafi da ruwa da sinadaran zinki da maganeziyom da fotashiyom.

Ta uku ita ce magunguna. Maganin sulfasalazine yana rage tsotsar sinadarin folet, wato ɗan'uwan folik asid da ake ba masu juna biyu. Prednisolone da dangoginsa kuwa suna raunana ƙashi idan an daɗe ana shan su.

Ta huɗu ita ce ƙaurace wa abinci. Wanda ya bar nono da kindirmo da madara ya rufe babbar ƙofar sinadarin kalsiyom. Wanda ya bar zogale da alayyafo da wake saboda dusar da ke cikinsu ya rage folet. Wanda ya bar nama da hanta da kifi ya rage ƙarfe da zinki da bitamin B12, wanda kusan ba a samun sa sai a abincin da ya fito daga dabba. A nan ne akan yi gudun gara a faɗa gidan zago.

4.0 Gwaje-gwajen da Ake Yi

Alamomin rashi, irin su kasala da jiri da haki da zubar gashi da tsagewar gefen baki, sun yi kama da alamomin ciwon kansa, don haka ba a dogara da su. Sai an ɗebi jini an kai ɗakin gwaje-gwaje.

4.1 Ƙidayar Ƙwayoyin Jini

Wannan shi ne gwaji na farko. Yana nuna yawan himogulobin, wato sinadarin da ke ɗaukar iskar shaƙa a cikin jajayen ƙwayoyin jini. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar namiji baligi a matsayin mai ƙarancin jini idan himogulobinsa bai kai giram 13 a kowace desilita ba, mace marar juna biyu kuwa idan bai kai giram 12 ba. Gwajin yana kuma nuna girman ƙwayoyin. Rashin ƙarfe yakan sa su ƙanƙance, rashin folet ko B12 kuma ya sa su yi girma fiye da kima. Idan rashin iri biyu ya haɗu a jikin mutum guda, matsakaicin girman yana iya fitowa daidai, ya ɓoye su duka. Gwajin PCV da aka saba yi a asibitocin Nijeriya yana nuna an yi ƙarancin jini ne kawai, ba ya faɗin dalili.

4.2 Ma'ajiyar Ƙarfe

Jiki yana adana ƙarfe a cikin wani sinadari mai suna feritin, kuma wannan rumbu yakan ƙare tun kafin himogulobin ya sauka. Saboda haka gwajin feritin yana gano rashi da wuri. Sai dai akwai tarko, domin feritin yana hauhawa a duk lokacin da jiki ke kumburi ko zazzaɓi, ko da kuwa rumbun ya kusa ƙarewa. Wannan ya sa ake haɗa shi da gwajin CRP, wanda ke nuna ƙarfin kumburi. Ƙungiyar likitocin Turai masu kula da waɗannan cututtuka, wato ECCO, ta bayyana a ƙa'idojinta na shekarar 2015 cewa idan babu kumburi, feritin da bai kai maikirogiram 30 a kowace lita ba alama ce ta rashin ƙarfe, amma idan akwai kumburi, har zuwa 100 ma yana iya zama rashi. Misali, mutum biyu suna iya samun 60 a takardar sakamako. Wanda ciwonsa ya lafa yana da ɗan abin da zai riƙe shi, wanda ciwonsa ke tashe kuwa mai yiwuwa ne yana buƙatar magani.

A yankunan da ake fama da zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki da ciwon sikila, wajibi ne likita ya duba su ma, domin kowannensu yana jawo ƙarancin jini, kuma zazzaɓin cizon sauro yana ɗaga feritin.

4.3 Folet da Bitamin B12

Abin da jiki ke adanawa na folet ba ya wuce 'yan watanni, don haka rashinsa yakan bayyana da sauri bayan an bar ganye da wake. B12 kuwa hanta tana adana abin da zai kai shekaru, shi ya sa mutum zai iya barin nama ya daɗe ba tare da ya ji komai ba. A ƙarshen ƙaramin hanji ake tsotsar B12, saboda haka mai ciwon Crohn, musamman wanda aka yanke masa wannan sashe, ya fi mai gyambon babban hanji shiga haɗari. Akan gwada su biyun tare ne saboda wani muhimmin dalili: idan aka ba mai rashin B12 folik asid kaɗai, jininsa yana iya gyaruwa alhali jijiyoyinsa na ci gaba da lalacewa, har ya fara jin tsira a tafin hannu da ƙafa, ko tafiyarsa ta rikice. Irin wannan lahani, idan ya daɗe, ba lallai ne ya warke sarai ba.

4.4 Bitamin D da Lafiyar Ƙashi

Bitamin D ne ke taimaka wa hanji tsotsar kalsiyom. Fata tana samar da shi daga hasken rana, amma majinyacin da ciwo ya tsare a ɗaki yana iya rasa shi ko da a ƙasa mai rana yake. Masana da dama suna ganin abin da bai kai nanogiram 20 a kowace mililita ba bai wadatar ba. Game da kalsiyom kuwa, kimanin kashi 99 cikin 100 nasa a ƙashi da haƙora yake, kuma idan ya yi ƙaranci a abinci jiki yakan ɗebo daga ƙashi ya cike na jini. Don haka gwajin jini yana iya fitowa lafiya alhali ƙashi yana zaizayewa. Wanda ya bar nono kuma ya daɗe yana shan prednisolone, abin da ya dace da shi shi ne hoton auna ƙarfin ƙashi da ake kira DEXA.

4.5 Sauran Gwaje-gwaje

Akan duba zinki da maganeziyom da fotashiyom ga wanda gudawarsa ta tsawaita. Zinki da sinadarin albumin suna sauka a lokacin kumburi ko da mutum yana cin abinci sosai, don haka an fi amincewa da sakamakonsu idan ciwo ya lafa. Auna nauyi a kai a kai, da auna tsawo ga yara, shi ma gwaji ne mai arha wanda ba a raina shi.

5.0 Lokacin Gwaji da Abin da Ke Biyo Baya

Ƙa'idojin ECCO sun ba da shawarar a duba ƙidayar jini da feritin da CRP duk bayan wata 6 zuwa 12 ga wanda ciwonsa ya lafa, da duk bayan wata 3 ga wanda ciwonsa ke tashe. Folet da B12 kuwa aƙalla sau ɗaya a shekara ga wanda ke cikin haɗari. Yana da kyau a yi gwaji tun kafin a fara ƙayyade abinci, domin a sami abin kwatantawa daga baya. Haka kuma ya kamata majinyaci ya gaya wa likita duk abincin da ya bari, da duk wata ƙwayar bitamin ko jiƙo da yake sha, domin suna iya sauya sakamako.

Idan an gano rashi, magani yakan bi yanayin majinyaci. Ƙwayar ƙarfe tana iya tsananta damuwar ciki, shi ya sa ake ba da shi ta jijiya ga wanda ciwonsa ke tashe, ko wanda himogulobinsa bai kai giram 10 ba. Shan ƙarfe ba tare da gwaji ba yana da haɗari, musamman ga mai sikila da aka sha yi wa ƙarin jini, domin ƙarfe ya riga ya taru a jikinsa.

Daga nan sai a waiwayi tushen matsalar, wato jerin abincin da aka bari. Tsarin rage dusa a abinci an yi shi ne don lokacin da ciwo ya tashi. Tsarin FODMAP, wanda masana a Jami'ar Monash ta ƙasar Ostareliya suka tsara don rage kumburin ciki da iska, shi ma matakinsa na ƙauracewa ba ya wuce mako 2 zuwa 6, sannan a riƙa dawo da abinci ɗaya bayan ɗaya don a gane wanda ke da laifi. Sau da yawa ma sauya girki ya wadatar: a dafa ganye ya yi ligif a niƙa shi, a surfe wake a yi alala, a gwada kindirmo maimakon ɗanyar madara.

6.0 Kammalawa

Lafawar ciki ba ita ce shaidar cewa jiki yana samun abin da yake buƙata ba. Mai kumburin babban hanji yana asarar sinadarai ta hanyar jini da gudawa da magani, sannan ƙaurace wa abinci ya ƙara masa asara ta huɗu. Gwaji a kan lokaci ne ke bayyana wannan, amma sai an karanta sakamakon tare da sanin ko ciwo yana tashe ko ya lafa. Manufar gwajin ita ce a cike giɓin da aka gano, a kuma mayar wa majinyaci da duk abincin da cikinsa zai iya ɗauka.

Tambayoyi

1. A kawo hanyoyi huɗu da rashin sinadarai ke samun mai kumburin babban hanji.
2. Me ya sa ake haɗa gwajin feritin da na CRP?
3. Wane haɗari ke tattare da ba mai rashin B12 folik asid kaɗai?
4. Me ya sa gwajin kalsiyom na jini ba ya nuna lafiyar ƙashi?