Yadda Haske Ke Auna Kaushin Ƙarfe

Ƙarfen da ke sheƙi, wanda hannu ke ji sumul, ba sumul yake ba. Duk injin da ya sassaƙe shi ya bar masa ƙananan tudu da kwari waɗanda ido ba ya gani. Da maikiromita ake auna su, wato milimita ɗaya a raba gida 1,000. Kaurin gashin mutum kan kai kusan maikiromita 70, amma kaushin ƙarfen da aka goge sosai ba ya cika ko guda.

Wannan ɗan abu shi ke yanke wa inji kwanansa. Cikin silindar mota in ya yi kaushi da yawa, zoben fistan ya cinye da wuri. In kuma ya yi santsi fiye da kima, baƙin mai bai sami wurin maƙalewa ba. Bakanike kan ja farce a kan ƙarfe don ya ji, amma masana'antar da ke fitar da dubbai a rana ba za ta dogara da farce ba.

Tun 1941 kamfanin Taylor Hobson na Ingila ya fito da na'urar Talysurf, mai jan siririyar allura a kan ƙarfe tana bin hawa da gangara. Har yau ana amfani da wannan dabara. Sai dai tana da nawa, dole a tsayar da aiki, kuma bakin allurar, da yake na lu'ulu'u ne, yakan karce abu mai taushi.

A nan zaren gilashi ya shigo, irin wanda ke ɗauko mana intanet. Kaurinsa maikiromita 125 ne, don haka yana kutsawa lungun da allura ba ta kaiwa. Zare ɗaya ke kai hasken leza kan ƙarfen, wasu a gefensa su karɓi abin da ya dawo, na'ura ta mayar da shi lantarki ta karanta. Haska madubi da tocila, hasken zai dawo a dunƙule. Haska bangon siminti, sai ya watse ko'ina. Yawan watsuwar shi ke nuna yawan kaushin. Ba a taɓa ƙarfen ba, kuma ana iya aunawa yana tafe a kan layin masana'anta.

Amma fa hasken ba zurfin kwarin yake aunawa kai tsaye ba, kuma yana ruɗuwa. Ɗigon mai, ƙura, tsatsa, ko ɗan canjin tazara tsakanin zaren da ƙarfen, duk suna sauya sakamako. Tagulla da baƙin ƙarfe masu kaushi ɗaya ba sa mayar da haske daidai. Shi ya sa ake fara saita na'urar da samfurin da allura ta riga ta auna, a kuma sake saitawa duk lokacin da aka canza ƙarfe.

A ganina aikin zaren gilashi shi ne gadi, ya yi saurin tona kayan da suka kauce. In gardama ta tashi tsakanin mai ƙera da mai saye, har yanzu allura ce alƙali.